Yadda Magana Ta Zama Aiki a Ƙasar Rai Buba da Ngaundare

Tun shekarar 1923 da Turawan Mishan na Lutheran suka fara sauka Ngaundare, yau an haura shekara ɗari. A biki irin wannan akan ƙidaya majami'u da makarantu, a karanta sunayen waɗanda suka riga mu, a yi godiya ga Ubangiji. Wannan daidai ne. Amma akwai wani sashe na labarin da ba a cika faɗa ba, domin yana da nauyi a baki, watau zancen bayi a ƙasar Rai Buba da maƙwabtanta. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi.

Ga 'yan'uwanmu na ƙasar Hausa waɗanda ba su san wurin ba, Rai Buba tana kudu maso gabas da Garwa, a bakin Mayo Rai, kogin da ke zuba cikin Binuwai. Buba Njidda ne ya kafa ta, Bafulatani daga zuriyar Yillaga, a farkon ƙarni na 19, zamanin da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ko a lokacin nan Rai ba ta cika sauraron Yola ba. Sarkinta, wanda talakawansa ke kira Baba, yana zaune cikin fada mai doguwar ganuwa ta ƙasa, dogarawansa su ne idonsa, su ne hannunsa. Ƙabilun da ke ƙarƙashinsa, kamar Dii, waɗanda Fulani ke kira Duru, da Mbum, da Laka, suna kai hatsi, suna yin aikin tilas, wani lokaci har 'ya'yansu akan ɗauka a kai fada. Kada mai karatu ya ce wannan labarin wata ƙasa ce mai nisa. Bayin da a ke kamowa a Adamawa da su a ke biyan gaisuwa zuwa Yola da Sakkwato, fatake kuma suna kora su har kasuwannin ƙasar Hausa. Akwai gidaje a cikinmu da kakanninsu ta wannan hanya suka zo.

To, duniya ba ta yi shiru a kan wannan al'amari ba. Ta yi magana, har ta yi yawa.

A 1889 manyan ƙasashe suka taru a Brasels, babban birnin Beljiyam, suka yi watanni suna shawara a kan cinikin bayi a Afirka, suka sa hannu a takarda a watan Yuli na 1890. A 1910 wakilan Mishan wajen 1,200 suka taru a Edinbara don su duba yadda za a kai Bishara ko'ina, aka yi ta ambaton ƙasar Sudan, ko da ya ke da ƙyar za ka ga baƙin mutum ɗan Afirka a zauren. Bayan yaƙin duniya na farko aka karɓe Kamaru daga hannun Jamus. A 1922 majalisar ƙasashe ta wancan zamani, mai zama a Janiba, ta damƙa wa Faransa babban rabo amana, da sharaɗin ta hana cinikin bayi, ta kuma kawar da bauta da zarar halin ƙasa ya yarda. Wannan ɗan sharaɗi na ƙarshe shi ne ƙofar da aka bi aka zille shekara da shekaru. Kullum halin ƙasa bai yarda ba tukuna.

A Rai abin ya fi tsanani. Sarkin lokacin, Buba Jama'a, wanda ya yi sarauta daga 1901 zuwa 1945, ya taimaki Faransa a yaƙinta da Jamus, saboda haka aka sakar masa ƙasarsa ya yi yadda ya ga dama. Kumandan ba ya so ya ɓata da abokin da ke tara masa haraji, yana ba shi ma'aikatan hanya.

Ku duba abin da ya faru cikin shekara guda, 1926. Ran 25 ga Satumba aka sa hannu a Janiba a kan yarjejeniyar hana bauta a duniya duka. A farkon wannan shekara wani shahararren marubucin Faransa, André Gide, ya biyo ta Rai Buba a kan hanyarsa daga Cadi zuwa bakin teku. Aka tarye shi da dawaki da algaita, ya ga girman fada, ya kuma lura ƙasa da dukiya da mutane duk a tafin hannun sarki su ke. Ya koma gida ya rubuta littattafan tafiyarsa. Abin da ya faɗa a kan zaluncin kamfanonin roba a Kwango ya tā da ƙura har majalisar Faransa, a yaba masa a kan wannan. Amma yarinyar da aka ɗauko daga ƙauyen Dii tana daka a bayan ganuwa ba ta san an yi wani littafi ba, ba ta san akwai wani gari Janiba ba. Gari ya waye, ta ɗauki taɓaryarta.

A gefen Nijeriya an riga an ga misalin abin da mutum zai iya yi da hannunsa. Gwamna Lugga ya yi shelar dokar bayi a 1901, gwamnati ta buɗe gidan 'yantattun yara a Zungeru. A 1909 Mishan ta S.U.M., wadda Dokta Karl Kumm ya kafa a 1904, ta karɓi yaran ta kai su Rumasha a bakin Binuwai, gidan da aka sa wa sunan matarsa Lucy, wadda ta rasu a 1906. A can aka ciyad da su, aka koya musu karatu da sana'a.

Wani Ba'amurke mai asalin ƙasar Norwe, Adolphus Gunderson, ya yi aiki a Nijeriya tare da S.I.M. daga 1912 zuwa 1916. Da ya koma gida ya roƙi shugabannin ekklesiyarsa su aika ma'aikata ƙasar Adamawa. Suka saurare shi, suka ce nauyin da ke kansu a wasu ƙasashe ya ishe su. Ba mugaye ba ne, lissafi suka yi. Shi kuwa bai tsaya jiran wani taro ba, a 1918 ya kafa ƙungiyar da aka sani da Sudan Mission, bisa ga abin da masu bi ɗai ɗai suka iya bayarwa. A 1923 ya iso Ngaundare da matarsa da 'yan'uwa mata biyu, sa'an nan suka zarce suka zauna a Mbula cikin Gbaya. A 1925 mutum huɗu na Mishan ta Norwe suka iso Ngaundare, shugabansu Jens Nikolaisen. Can arewa kuma Berge Revne da matarsa sun riga sun fara aiki a Lere tun 1920, daga nan aikin ya bazu zuwa Yagwa da ƙasar Garwa.

Shekarun farko ba su yi armashi ba. A cikin birni mutane suna gaishe su da ladabi, su karɓi magani, su koma gida. Inda ƙofa ta buɗe shi ne ƙasar Dii, a gindin tsaunin da ke arewa da Ngaundare, a kan hanyar mota mai zuwa Garwa. Tun 1934 aka soma buɗe ƙananan makarantu a ƙauyukansu. Mutanen Dii ba yara ba ne, sun san abin da su ke nema. Ƙauyen da ke da malamin makaranta yana da wanda zai rubuta abin da dogarai suka yi, ya kai wa Baturen Mishan, shi kuma ya kai ofishin Kumandan. Kafin shekarun 1930 su ƙare, Faransa ta cire ƙauyukan bakin hanya daga hannun Rai ta haɗa su da Ngaundare. Daga baya aka gina tashar Mishan a Mbe. Su malaman nan, 'yan Afirka ne, su ke kwana a ƙauye bayan Bature ya hau motarsa ya tafi. In dogari ya zo da fushi, su zai tarar.

Sunan da ya fi fita a zancen bayi shi ne Halfdan Endresen, wanda ya zo Kamaru a farkon shekarun 1930, ya daɗe yana shugabancin Mishan ta Norwe. Abin ya yi ƙarfi ne bayan yaƙin duniya na biyu, musamman cikin shekarun 1950. Ya kamata a faɗi yadda ya ke faruwa daki daki, gama a nan aikin ya ke. Bawa ko baiwa, yawanci mata ne, takan sulale da dare ta zo tashar Mishan. Kashegari ubangidanta zai aiko, ko ya zo da kansa. Ba zai ce baiwarsa ce ba, ya san doka ta hana. Zai ce matarsa ce ta yi yaji, ko 'yarsa ce ta riƙo, ko kuwa ta yi masa sata, ko a biya shi abin da ya kashe a kanta. Sai a tafi ofishin Kumandan. In an ci sa'a ya ba ta takardar 'yanci. In ba a ci ba, ya ce wannan shari'ar gargajiya ce, ya tura maganar kotun da ke ƙarƙashin Lamiɗo, inda kowa ya san yadda za ta ƙare. Endresen yakan bi maganar mutum guda daga ofis zuwa ofis, ya rubuta, ya sake rubutawa, har Turawan mulki suka gaji da ganinsa. Sarakuna suna ganin yana rushe musu gida, Faransawa suna ganin yana dagula musu ƙasa a kwance. A 1954 ya buga littafi da harshen Norwe a kan halin da bayi ke ciki, don mutanen ƙasarsa su san abin bai ƙare ba.

Takarda ba ta cika ciki. Wadda ta gudo ba ta da gona, ba ta da dangin da ta sani, wata tun tana goye aka raba ta da garinsu, ko harshen uwarta ba ta ji. Dole a sami ɗaki, a sami tsaba, a sami zane, a sami wadda za ta kwana da ita in tsoro ya kama ta da dare. Matan masu bi na tashar su suka ɗauki wannan, daga tukunyar da ba ta ishi 'ya'yansu ba. Littattafan tarihi sun riƙe sunan Endresen, ya kuwa cancanta. Sunayen matan nan ba a rubuta su ba. A ganinmu ma, wadda ta fi kowa ƙarfin hali a labarin nan ita ce wadda ta tsallake katanga, ba ta san ko za a buɗe mata ƙofa ba.

Ba mu ce aikin ba shi da aibi ba. Wasu daga cikin waɗanda aka 'yanta sun zauna a tashar Mishan suna aiki, ba su da wani wurin zuwa, har mutanen gari suna musu ba'a cewa ubangida kawai suka sake. Akwai Turawan Mishan da suka yi ta jan kunne, suna tsoron kada rigimar ta sa a rufe musu ƙofar wa'azi gaba ɗaya. Wasu kuma cikin rubuce-rubucensu sun yi wa Fulani da Musulmi kuɗin goro, alhali kuwa akwai Musulmin da suka 'yanta bayinsu don neman lada, tun kafin Bature ya zo. Waɗanda suka kai tashar ma kaɗan ne in an gwada da waɗanda suka tsufa a bayan ganuwa. A cikin ƙasar Rai kanta, inda ba a shiga sai da yardar Baba, hanya ta fi ƙunci ƙwarai. Mishan ta Amurka ta sami izinin zama a Colire, amma da taka-tsantsan a ke kowane motsi.

A 1946 Kamaru ta koma ƙarƙashin amanar Majalisar Ɗinkin Duniya, wakilanta suka riƙa zuwa zagaye, a 1956 kuma aka ƙara wata yarjejeniya a Janiba a kan bauta da al'adun da suka yi kama da ita. Kada a raina waɗannan. Da ba don dokar da aka rubuta a manyan zauruka ba, da mai kai ƙara ba shi da abin da zai nuna wa Kumandan. Sai dai dokar ta kwana a aljihun tebur shekara talatin kafin a sami wanda zai tsaya a bakin ofis, da baiwa a bayansa, ya ce a buɗe a karanta.

Haka abin ya ke a wajen marasa lafiya. Ɗakin magani ƙarami aka fara da shi a Ngaundare, ana wanke gyambo ana ba da kwinin. A 1957 Mishan biyu, ta Norwe da ta Amurka, suka haɗa hannu aka buɗe asibiti. Aka yi wani a Ngaubela kusa da Tibati, da wani a Garwa-Bulai. Kutare, waɗanda a da a ke kai wa abinci a ajiye daga nesa, suka sami wurin zama a Fubarka kusa da Mbe. Lokacin ya zo daidai da samun ƙwayar dapson, wadda likitoci a Uzuakoli ta gabashin Nijeriya suka tabbatar a ƙarshen shekarun 1940 cewa ana iya haɗiyarta ta yi wa kuturta aiki.

Kamaru ta sami mulkin kai ran 1 ga Janairu 1960, shugabanta na farko Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa. A wannan shekara aka kafa Ekklesiyar Lutheran ta ƙasar, asibitoci da makarantu suka riƙa komawa hannunta sannu a hankali. Bauta ta yi ta raguwa, amma ikon fadar Rai bai ragu da sauri ba. Har cikin shekarun 1990 ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam suna rubuta rahoto a kan mutanen da dogarai ke tsarewa ba tare da shari'a ba.

A 2014, da faɗa ya tsananta a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, dubban mutane suka tsallako iyaka zuwa Kamaru, yawancinsu Musulmi, Fulani makiyaya da 'yan kasuwa, har da Hausawa. Wasu sun yi makonni a daji suna cin ganye, yara sun kumbura da yunwa. Ɗaya daga cikin manyan mashigansu ita ce Garwa-Bulai, garin da asibitin Ekklesiya ya ke, a ƙasar Gbaya, mutanen da a zamanin kakanni a ke kai wa hari don kamun bayi.