FASHIN BAƘI: Ma'anar IP67 da IP68 a jikin waya da na'urar GPS

Daga shagunan waya na Kankiya zuwa kasuwar Farm Centre a Kano, maganar mai sayarwa ɗaya ce: "Wannan ba ta shan ruwa." Hujjarsa 'yan haruffa ne a jikin kwali, IP67 ko IP68. Masunci a Dam ɗin Zobe da ke Dutsin-Ma, ko ɗan kasuwar Kusada da hanyarsa ke bi ta rafi da damina, kan ɗora amanarsa a kan haruffan nan, musamman yanzu da waya ta zama taswira kuma abin neman agaji.

Alamar ta samo asali ne daga ƙa'idar IEC 60529, wadda hukumar daidaita ingancin kayan lantarki ta duniya, mai hedikwata a Janiba, ta fara fitarwa a 1976. Lamba ta farko ta ƙura ce, daga 0 zuwa 6, kuma 6 na nufin ƙura ba ta shiga sam. Ta biyu ta ruwa ce. Idan aka ga X, kamar a IPX7, to ba a bayyana sakamakon gwajin ƙura ba.

A lamba ta biyun ake yawan ruɗewa. Lamba 4 fantsamar ruwa ce kawai. Lamba 5 da 6 feshi ne mai ƙarfi. Lamba 7 na nufin na'urar ta jure nutso a zurfin mita ɗaya na minti 30. Lamba 8 kuwa ta zarce hakan, sai dai kamfani ne ke faɗin iyakarta: Apple ya ce mita 6 ga iPhone 12, Samsung ya ce mita ɗaya da rabi ga manyan wayoyinsa na Galaxy S, duk kuma IP68 aka rubuta. Sannan cin gwajin nutso ba ya nufin cin gwajin feshi, domin gwaje-gwaje ne mabambanta.

Ana yin gwajin ne da sabuwar na'ura, cikin ruwa mai tsabta, kwance. Ruwan dam a watan Agusta laka ne da yashi. Zafin Afrilu kan raunana gam da robar da suka toshe kafofin waya, faɗuwa ƙasa na buɗe su, wayar da mai gyara ya taɓa buɗewa kuwa, ko 'yar tokumbo, da wuya ta koma yadda ta fito daga masana'anta. Ko ruwa bai shiga ba, jiƙaƙƙen gilashi ba ya bin umarnin yatsa.

Shi ya sa masu tuƙa ƙananan kwale-kwalen teku a Turai da Amurka suka fi amincewa da na'urar GPS mai maɓallai. Garmin eTrex na da IPX7 kuma da batir AA take aiki, GPSMAP 79 kuwa tana shawagi idan ta faɗa ruwa. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, don waya mai IP68 nutsewa take yi kamar dutse. Duk da haka sukan ɗaure na'urar da igiya, su riƙe kamfas. Shi GPS daga tauraron ɗan'adam yake karɓar sigina, ba ya buƙatar layin waya, amma sai an sauke taswira tun ana gida, kuma yawancin wayoyi ba za su kira agaji ba inda babu sabis.

Hukumomi sun taɓa hukunta manyan kamfanoni kan wannan batu. A Nuwamba 2020 Italiya ta ci tarar Apple Yuro miliyan 10, saboda tallan jure ruwa alhali garantinsa bai shafi ɓarnar ruwa ba. A Yuni 2022 kotun tarayya a Ostareliya ta ci Samsung Dalar ƙasar miliyan 14 kan tallace-tallacen da suka nuna ana shiga teku da wurin ninƙaya da wayoyinsa.

A Najeriya, hukumar SON ce ke kula da ingancin kayan da ake shigowa da su, FCCPC kuma ke da hurumin hukunta tallan yaudara a ƙarƙashin dokar 2018. Ƙa'idar IP ba ta tilasta wa kamfani kai kayansa ga mai gwaji na waje ba, don haka buga IP68 a kwali bai fi ƙarfin kowane mai injin ɗab'i ba. Mai saye a Kankiya na da haƙƙin neman rasit da aka rubuta alƙawarin a jikinsa, domin da shi ne zai iya kai ƙorafi.