Alan Hofmann

Alan Frederick Hofmann (17 ga Mayu, 1931 – 7 ga Satumba, 2021) likita ne ɗan ƙasar Amurka, masanin cututtukan hanta da hanji. An fi saninsa da bincike a kan ruwan matsarmama, wanda hanta ke samarwa domin narkar da kitsen abinci.

Karatu da aiki

An haife shi a birnin Baltimore. Ya kammala karatun likitanci a Jami'ar Johns Hopkins a shekarar 1955, sannan ya yi bincike a Jami'ar Lund da ke Suwidin tare da Bengt Borgström. Ya yi aiki a asibitin Mayo daga 1966, ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego a 1977.

Bincike

Hofmann ya bayyana yadda sinadaran matsarmama ke tattara kitse su mayar da shi ƙananan ƙwayoyi da hanji zai iya tsotsewa. Ya kuma nazarci zagayen sinadaran: daga hanta zuwa hanji, inda ƙarshen ƙaramin hanji ke tsotse kusan kashi 95 cikin ɗari, jini ya mayar da su hanta.

A 1972, shi da abokan aikinsa suka nuna cewa shan ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai na iya narkar da tsakuwar matsarmama ta kolestarol ba tare da tiyata ba. Aikinsa ya kuma buɗe hanyar magance gudawar da ke samun waɗanda aka yanke wa wannan sashe na hanji.