Furen Madagaska: shukar inuwa a tsakar gida

Idan akwai bedi ko mangwaro a tsakar gidanka, ka san cewa furanni kaɗan ne ke yarda su zauna a ƙarƙashinsu. Furen Madagaska, wanda masana ke kira Catharanthus roseus, da Faransanci kuma pervenche, yana cikin waɗannan kaɗan. Yakan yi shekaru a raye, yana fitar da fure fari ko ruwan hoda, rani da damina.

Ka dasa shi a gefen inuwar, inda hantsi ke taɓa shi amma ranar azahar ta watan Afrilu ba ta dukansa. Can gindin itace, inda rana ba ta leƙawa, sai ya yi ta tsawo, furen ya ragu. Farkon damina ne lokacin dashe. Ka bar tazarar santimita 30 tsakanin tushe da tushe, ka kuma tsinke kan kowane reshe domin ya yi rassa.

Yawan ruwa ya fi kashe wannan fure a kan ƙishirwa. A ƙasar jigawa, irin ta yawancin gidajen birnin Maraɗi, ruwa ba ya kwanciya, don haka ɗan taki ruɓaɓɓe ya wadatar. Amma wanda gidansa ke kusa da gulbi, a Tibiri ko Jiratawa, inda ƙasa ke da laka, lalle ne ya tada kunya ya gauraya da rairayi, in ba haka ba ruwan Agusta zai ruɓar da saiwar. Kafin ka yi ban ruwa, tura yatsa cikin ƙasa. In da sauran laima, bari sai gobe. Ganye ya yi rawaya alhali ƙasa na jiƙe? Ruwa ne ya yi yawa.

Akwai abin kiyayewa. Daga wannan tsiro ne masu bincike a Kanada suka fitar da maganin sankara mai suna vinblastine a 1958, wanda likita kaɗai ke auna shi. Tsiron kansa yana da dafi, daga ganye har saiwa. Kada ka dafa ganyensa don ciwon sukari, ko da an ce maka yana magani, kuma ka nisanta shi daga inda yara ke rarrafe. Yaron da ya tauna shi, a kai shi asibiti nan take, tare da reshen tsiron domin ma'aikatan lafiya su gani.