Natchez, Garin Hutun Iyali da Labarin Ɗan Almamin Futa Jallo

Da yammacin Juma'a, musamman a watannin Maris da Afrilu, motoci cike da iyalai kan nufi Natchez daga New Orleans da Baton Rouge da Jackson. Tafiyar kimanin awa biyu zuwa uku ce. Garin ƙarami ne, mutanensa ba su kai dubu 15 ba a ƙidayar 2020, yana zaune bisa doguwar gaɓar kogin Misisipi a kudancin Amurka. Ba mai zuwa nan da gaggawa. A sauka a wani tsohon gida da aka mai da masauki, a karya kumallo a baranda, a hau keken doki a zaga gari. Yara su yi ta guje-guje a ciyawar bakin gaɓa, da la'asar sakaliya a gangara tsohuwar tashar jiragen ruwa a ci soyayyen tarwaɗa. Ran Lahadi kowa ya kama hanyar gida.

Ita kanta wannan al'ada ta ziyara tana da mafari. A 1931 ƙungiyoyin mata masu kula da lambun furanni na jihar Misisipi suka shirya taronsu a Natchez, sai wani matsanancin sanyi ya sauko a ƙurarren lokaci ya ƙone furannin. Da matan garin suka rasa abin nuna wa baƙi, sai suka buɗe musu ƙofofin gidajen da suka gada. Baƙin suka yi ta santi. Shekara na zagayowa, 1932, aka mai da abin bikin shekara-shekara, wata mata mai suna Katherine Miller ta shiga gaba wajen tallata shi. Lokacin kuwa garin na cikin talauci: ƙwari sun gama da auduga tun farkon ƙarnin, ga karyewar tattalin arzikin duniya. Kuɗin shiga da baƙi ke biya su suka gyara rufin gidajen da ke yoyo. Wannan dabara ta ceci gine-gine masu daraja, kuma matan sun cancanci yabo a kanta.

Sai dai labarin da suka zaɓi bayarwa rabi ne. Shekara da shekaru baƙo kan ga mata cikin buje mai faɗi irin na da, a nuna masa madubin Faransa da kujerun alfarma, a gaya masa sunan maigida da na kakansa. Waɗanda suka ƙona bulon, suka dafa abincin, suka tsinci audugar da ta sayi madubin, in an ambace su ma, sai a ce masu hidima.

Natchez ya girmi New Orleans da shekara 2. Faransawa suka kafa ganuwar Rosalie a wurin a 1716, a ƙasar mutanen Natchez, 'yan asalin yankin, waɗanda suka yi musu bore a 1729, aka kuma tarwatsa su cikin shekara 2. Garin ya shiga hannun Ingila a 1763, Sifaniya a 1779, Amurka a 1798. Amma arzikinsa daga auduga ya zo, bayan samuwar injin gurza a shekarun 1790. Attajiran kan bar gonakinsu a fadamun ƙetaren kogi hannun masu tsaron bayi, su kuwa su gina gidajen shaƙatawa a kan tudu inda iska ke kaɗawa. Da yaƙin basasar Amurka ya zo, garin ya miƙa wuya ba tare da faɗa ba, shi ya sa gidajen suka tsira daga wuta.

Wanda ya fi ɗaukar ido shi ne Longwood, ƙaton gida mai kusurwa 8 da ƙubba a kai, wanda Haller Nutt, mai ɗaruruwan bayi, ya fara ginawa a 1860. Yaƙi na ɓarkewa a 1861 maginan da ya ɗauko daga Philadelphia suka ajiye kayan aiki suka koma Arewa. Ɗakunan ƙasa kaɗai aka gama. Nutt ya rasu a 1864, benayen sama kuwa har yau katako ne tsirara.

Tazara kaɗan daga tsakiyar gari akwai wata mararraba da ake kira Forks of the Road. A 1833, saboda tsoron kwalara, hukumar gari ta hana dillalan bayi ajiye mutane a cikin gari, sai suka koma nan bakin iyaka. Wurin ya zama kasuwar bayi ta biyu a girma a can ƙuryar Kudu, bayan ta New Orleans. Kamfanin Franklin da Armfield kan sayi mutane a Virginia da Maryland, a ɗaure su jere a sarƙa, a koro su a ƙasa ta hanyar da ta bi ta Nashville, wasu kuma a jirgin ruwa. Cinikin bai tsaya ba sai a 1863 da sojojin Arewa suka mamaye garin, baƙaƙen fatar da suka shiga soja suka rushe rumfunan. Abin da mai ziyara zai gani yau shi ne allunan bayani da tarin mari da sarƙoƙi da aka dasa cikin siminti. Wani ɗan garin, Clifford Boxley, ya shafe shekaru yana fafutikar kada a manta da wurin, kuma a 2021 wani yanki nasa ya shiga hannun hukumar kula da wuraren tarihi ta ƙasa.

Ga mai karatu daga ɓangarenmu, akwai sunan da ya kamata ya riƙe tun kafin ya isa Natchez: Abdurrahman ɗan Ibrahima Sori. Bafulatani ne na Timbo a Futa Jallo, cikin ƙasar Gini ta yau, an haife shi wajen 1762. Mahaifinsa Almami ne, wato shugaban daular da malaman Fulani suka kafa shekaru da dama kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya yi karatun allo da na littattafai, shi da kansa ya ce har Tambutu ya yi karatu. A 1788, yana jagorantar mayaƙan mahaifinsa, abokan gaba suka yi musu kwanton ɓauna suka kama shi, aka sayar da shi ga Turawan Ingila a bakin kogin Gambiya. Gaskiya ta wajaba a nan: daular tasu ma tana cikin masu kai kamammu bakin teku. Tarkon da ya kama shi, gidansu na da hannu a ɗana shi, kuma wannan bai rage ko ƙwayar zarra daga zaluncin da aka yi masa ba.

Jirgi ya kai shi tsibirin Dominika, daga nan New Orleans, daga nan Natchez, inda wani manomi, Thomas Foster, ya saye shi. Da ya ce shi ɗan sarki ne, sai aka laƙaba masa Yarima. Ya gudu daji na 'yan makonni, ya dawo da ƙafarsa don ba inda zai nufa. Ya auri wata baiwa mai suna Isabella, suka haifi 'ya'ya 9. Sanin kiwo da noma da iya tafiyar da mutane ya sa ya zama ginshiƙin gonar Foster, wannan kuwa shi ya ƙara ɗaure shi.

A 1807 abin mamaki ya faru. Yana sayar da dankali a kasuwa sai suka yi ido huɗu da wani likita ɗan Ailan, John Cox. Shekaru can baya Cox ya ɓace a cikin Afirka ta Yamma yana fama da ciwo, Almami Sori ya saukar da shi a Timbo aka yi jinyarsa wata da watanni. Suka gane juna. Cox ya nemi ya fanshe shi, Foster ya ce ba na sayarwa ba ne. Likitan bai daina ƙoƙari ba har ya rasu a 1816.

Alƙalami ne ya buɗe ƙofar. A 1826 wani mai buga jarida a garin, Andrew Marschalk, ya sa shi ya yi rubutu da Larabci, aka aika Washington. Ganin Larabci sai aka ɗauka Bamaroke ne, takardar ta bi ta hannun ƙaramin jakadan Amurka a Tanja har ta kai ga Sarkin Maroko, wanda ya nemi a sake shi. Shugaba John Quincy Adams da sakatarensa na harkokin waje Henry Clay suka sa baki. A Fabrairun 1828 Foster ya yarda, bisa sharaɗin ya bar ƙasar. Shekara 40 ke nan yana bauta. Mutanen Natchez suka haɗa dala 200 aka fanshi Isabella.

Saura 'ya'ya da jikoki. Dattijon bai tafi kai tsaye ba. Ya gana da shugaban ƙasa, ya bi biranen Arewa irin su Boston da New York da Philadelphia yana tsayawa gaban jama'a, yana rubuta Fatiha da hannunsa ana ba shi gudummawa. Uba mai shekara 66 yana yawon neman kuɗin sayen 'ya'yan cikinsa, wannan shi ne ɓangaren labarin da ya fi tsaya mini a rai. Abin da ya tara bai kai rabin abin da ake bukata ba. A farkon 1829 shi da matarsa suka shiga jirgi zuwa Laberiya, ya rasu a Monrobiya a watan Yuli na shekarar, bai kai Timbo ba.

Masanin tarihi Terry Alford ne ya tono wannan labari daga takardun kotu da tsofaffin jaridu, ya fitar da littafinsa Prince Among Slaves a 1977, aka kuma yi fim a kansa a 2007. Kuɗin da Abdurrahman ya tara sun fanshi mutum 8 daga danginsa, 'ya'yansa maza 2 da iyalansu, waɗanda suka isa Laberiya a 1830. Foster ya mutu a 1829, sauran 'ya'yan da jikokin kuma aka raba su tsakanin magadansa tare da gonaki da dabbobi.