Ebenezer, Majami'ar Da Aka Fara Daga Ɗakin Ƙasa

A kan titin Auburn a birnin Atlanta na Amurka, akwai wata majami'ar Baptist ta jan bulo, mai gajerun hasumiyoyi biyu da tagogi masu tsini a sama. Ba ta da wani girma na a zo a gani. Sunanta Ebenezer, wato "dutsen taimako" da Ibrananci, kuma baƙaƙen fata ne suka kafa ta a 1886, shekara 21 kacal bayan an soke bauta.

Fasto A.D. Williams ya karɓi ragamarta a 1894, ya tarar da mambobi 13. A 1914 aka sa harsashin wannan gini, amma kuɗi suka yanke. Sai jama'a suka yi wa ɗakin ƙasa rufi, suka riƙa yin sujada a ciki, suna tara ɗan abin da ya samu daga guminsu, har aka kammala saman a 1922. Shekara takwas ke nan ana haƙuri, kuma wannan ne abin da ya fi taɓa zuciya a tarihin ginin.

Bayan rasuwar Williams a 1931, surukinsa Martin Luther King babba ya gaje shi. Ɗansa, Martin Luther King ƙarami, a kan wannan titi aka haife shi a 1929, a wannan majami'a aka naɗa shi fasto, kuma daga 1960 shi da mahaifinsa suka riƙe mumbarin tare. A nan aka yi jana'izarsa ranar 9 ga Afrilu, 1968, alfadarai biyu suka ja akwatin gawarsa a kan amalanken manoma. Bayan shekara shida wani ɗan bindiga ya harbe mahaifiyar King ƙarami, Alberta, tana zaune tana kaɗa kayan kiɗan majami'ar ranar Lahadi.

Da wuri ya yi kaɗan, aka gina sabuwa a tsallaken titi a 1999, an yi rufinta da siffar ɗakunan taro na Afirka. Can Raphael Warnock yake wa'azi tun 2005, shi ne kuma ya zama sanata a 2021.

Tsohuwar kuwa hukumar kula da wuraren tarihi ta gyara ta, ta mayar da ita kamanninta na shekarun 1960. Baƙi kan zauna a bencinan katako, muryar King ƙarami da aka naɗa tana fitowa daga lasifika.