Tarihin Silima Mai Ban Tsoro: Manyan Kamfanoni da Masu Zaman Kansu

Tun kafin a san silima mutane ke son labarin da zai sa tsikar jikinsu ta tashi. Yaro ya kan matsa wa kakarsa da dare ta yi masa tatsuniyar Dodo, in ta fara kuma ya lulluɓe kansa da zane. Da Turawa suka ƙago hoto mai motsi, ba su daɗe ba suka gane akwai kuɗi cikin wannan hali na ɗan Adam. A shekarar 1896 wani Bafaranshe mai wasan rufa-ido, Georges Méliès, ya yi wani ɗan fim na minti uku inda jemage ke rikiɗa ya zama shaiɗan. Sana'ar ba ta yi nisa ba ta rabu gida biyu. Akwai manyan kamfanoni masu jari da ma'aikata dubbai, akwai kuma masu zaman kansu, waɗanda ke haɗa ɗan abin da ke hannunsu su yi fim ɗaya, su jira abin da kasuwa za ta yi musu.

Ƙananan nan sun fara shan wuya tun da wuri. A Jamus, a 1922, wani ƙaramin kamfani, Prana, ya yi fim mai suna Nosferatu. Labarin wani matacce ne mai tashi da dare yana shan jinin mutane, an ɗauko shi daga littafin Dracula ba da izini ba. Matar marigayin da ya rubuta littafin ta kai ƙara, alƙali ya ce a hallaka fim ɗin duka, kamfanin kuwa ya riga ya karye. Waɗansu kofe ƙalilan suka tsira, su a ke kallo har yau.

A Amurka babban kamfani ne ya fara cin kasuwar. A 1931 Universal ya fitar da Dracula da Frankenstein, ya yi riba mai yawa a lokacin da talauci ya rufe ƙasar. Sai ya yi ta maimaita dodannin nan, yau ɗan Frankenstein, gobe fatalwarsa, jibi a tara su duka cikin gida ɗaya. Masu magana sun ce, ido wa ka raina, ya ce wanda na ke gani yau da gobe. A 1948 har an kai ga haɗa dodannin da 'yan wasan ban dariya guda biyu, Abbott da Costello, mutane suna ƙyalƙyala dariya da abin da ya hana iyayensu barci.

A shekarar nan kuma Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya raba manyan kamfanoni da gidajen silimar da su ke mallaka. Dā su ke yin fim, su ke nuna shi, baƙo ba ya samun ƙofar shiga sai da ƙyar. Da aka raba su, masu gidajen silima suka sami damar sayen fim ga wanda suka ga dama. Filayen da a ke kallo daga cikin mota suka yawaita, har suka wuce 4,000 a 1958, galibin masu zuwa samari ne da 'yan mata, abin da su ke so kuwa mai ban tsoro ne. Irin su Roger Corman, wanda ya taɓa ɗaukar fim ɗaya cikin kwana biyu da dare ɗaya, suka cika musu buƙata. Har Alfred Hitchcock, duk da sunan da ya yi, da ya so yin Psycho a 1960 kamfanin Paramount ya ƙi zuba kuɗi, sai ya nemo wajen dala 800,000 da kansa. Ya sa aka kashe fitacciyar 'yar wasansa tun fim bai kai rabi ba, abin da ba a saba gani ba.

A nan dalilin al'amarin ya ke. Wanda ya zuba dukiya mai yawa dole ya nemi yardar kowa, yaro da babba, saboda haka ba ya son sabon abu, ya fi son abin da ya riga ya ga ya sayu. Tsoro kuwa abincinsa rashin sani. In mai kallo ya ga ɗan wasa mai tsada ya san zai kai ƙarshen fim da ransa. In fuskokin duk baƙi ne, ba wanda ya san wa zai kwana. Marar kuɗi kuma ba shi da halin ƙera dodo mai kyau, sai ya ɓoye shi cikin duhu, zuciyar mai kallo ta ƙera wanda ya fi muni.

Ba wanda ya nuna haka kamar George Romero na birnin Pittsburgh. Shi da abokansa tallar kaya su ke ɗauka don talabijin. Su goma suka zuba dala 600 kowannensu, daga baya suka nemi gudummawa har kuɗin ya kai wajen dala 114,000. Suka sami wani tsohon gidan gona, suka yi jini da ruwan cakulan, da ya ke fim ɗin fari da baƙi ne ba mai ganewa. Sunansa Night of the Living Dead, watau daren da matattu suka tashi, ya fito a watan Oktoba 1968. Jarumin baƙar fata ne, Duane Jones, shi ke ba Turawan da ke cikin gidan umurni. Ya tsira daga matattun duk dare, gari na wayewa sai wata ƙungiyar Turawa masu bindigogi suka hango shi ta taga suka harbe shi. A watan Afrilun shekarar aka kashe Martin Luther King, saboda haka masu kallo ba su buƙaci mai fassara ba. Da wuya a ce akwai babban kamfanin da zai yarda da irin wannan ƙarshe a zamanin.

Fim ɗin ya jawo miliyoyin daloli, amma kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kamfanin da ya karɓi dillancinsa ya sake masa suna, wajen sakewa aka manta da alamar haƙƙin mallaka. Bisa dokar Amurka ta lokacin, rashin alamar nan ya mai da fim ɗin na kowa da kowa. Duk mai so ya buga ya sayar, Romero da abokansa suna kallo.

Ba za a ce manya ba su taɓa yin abin kirki ba. A 1968 aka soke tsohuwar ƙa'idar tace silima da a ke bi sosai tun 1934, aka koma raba finafinai bisa shekarun mai kallo. Warner ya yi The Exorcist a 1973, labarin yarinyar da shaiɗan ya shiga, shi ne fim mai ban tsoro na farko da aka sa cikin takarar babbar kyautar Oscar. Amma sabuwar hanya daga ƙanana ta sake fitowa. A 1978 wani saurayi mai shekara 30, John Carpenter, ya yi Halloween, watau daren 31 ga Oktoba da yaran Amurka ke shigar dodanni. Wanda ya ba da kuɗin, wajen dala 300,000, Mustafa Akkad ne, mutumin Halab ta ƙasar Sham, shi ne ya yi Ar-Risala na tarihin farkon Musulunci, da fim ɗin Umar Mukhtar na Libiya. Fuskar robar da mai kisan ke sawa ba ta kai dala 2 ba a kanti, aka shafa mata farin fenti. Da ya ke ba lokacin zubar ganye aka ɗauki fim ɗin ba, sai suka rina ganyaye suna watsawa a titi, in an gama su kwashe su kai gaba. A Amurka kaɗai ya jawo wajen dala miliyan 47. Nan da nan manya suka biyo sawu. Paramount ya karɓi Friday the 13th a 1980, kafin 1989 ta ƙare ya fitar da guda takwas.

Haka abin ya yi ta juyawa. A 1999 The Blair Witch Project, wanda aka ɗauka cikin daji da kuɗi kaɗan, ya jawo kusan dala miliyan 250. Oren Peli ya ɗauki Paranormal Activity cikin gidansa da dala 15,000, Paramount ya fitar da shi a 2009, ya jawo fiye da miliyan 190. Daga nan wani mai suna Jason Blum ya ga abin da ke faruwa ya mai da shi tsari. Kamfaninsa, Blumhouse, ya kan ba mai shirya fim kuɗi kaɗan ya bar shi ya yi yadda ya ke so, 'yan wasa su karɓi lada kaɗan bisa sharaɗin a ba su rabo in an yi riba. A 2014 Universal ya ƙulla yarjejeniyar shekara goma da shi. Ta wannan hanya Jordan Peele ya yi Get Out a 2017 da dala miliyan huɗu da rabi, labarin baƙar fata da ya je gaishe da iyayen budurwarsa Baturiya ya faɗa tarko. Ya jawo fiye da miliyan 250, Peele kuma ya zama baƙar fata na farko da ya sami Oscar ta ƙago labari.

A shekarar nan ta 2017 Universal da kansa ya kashe fiye da dala miliyan 120 don farfaɗo da tsofaffin dodanninsa, ya sa Tom Cruise cikin The Mummy. Abin bai karɓu ba, aka yi watsi da sauran da aka shirya. Sai ya miƙa wa Blumhouse wani dodon, The Invisible Man, watau mutum mai layar zana, aka yi shi da dala miliyan 7 a 2020, ya jawo fiye da miliyan 140. Mai karatu ya lura, a nan iyakar da ke tsakanin gidajen biyu ta soma shafewa: ƙarami ke aiki, babba ke riƙe da kasuwa da haƙƙin mallaka.

Rashin kuɗi dai ba shi ke sa fim ya yi kyau ba, kuma a kan kowane ɗaya da ya yi suna akwai ɗaruruwa da ba wanda ya kalla. Waɗansu ma ba abin da su ke sayarwa sai jini da ƙazanta. Terrifier 3 na Damien Leone irin wannan ne, labarinsa bai taka kara ya karya ba. An yi shi da wajen dala miliyan 2, ba a kai shi wurin masu raba finafinai bisa shekaru ba. Duk da haka a makon da ya fito, cikin Oktoba 2024, shi ya zo na ɗaya a gidajen silimar Amurka, ya wuce Joker na biyu na kamfanin Warner, wanda aka kashe wa kusan dala miliyan 200.