Nawa Ne Ya Isa? Tarihin Awon Aidin Mai Tiririn Nukiliya

Yau za mu leƙa birnin Boston na Amurka, a watan Nuwamban 1936. Shugaban jami'ar MIT, Karl Compton, yana yi wa likitoci lacca, sai wani likita mai suna Saul Hertz ya tambaye shi: ko za a iya sa sinadarin aidin ya riƙa fitar da tiririn nukiliya?

Hertz yana da dalili. Tayirod, halittar nan ta gaban wuya wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo, ita ke zuƙe aidin ɗin da ya shiga jiki. In aikinta ya yi yawa, sai mutum ya rame, zuciya na bugawa da sauri, hannu na karkarwa. A lokacin galibi sai an yi tiyata, kuma tiyatar na da haɗari. Tunanin Hertz shi ne, in majiyyaci ya sha aidin mai tiriri, zai taru a tayirod ya ƙone wani sashenta daga ciki, ba tare da wuƙa ba.

Shi da masanin kimiyya Arthur Roberts suka fara gwaji a kan zomaye. A 1941 suka ba majiyyaciya ta farko, a 1946 kuma suka fitar da sakamakon mutum 29, inda 20 suka warke.

Sai dai wuyar aikin tana wajen awo. In aka ba da kaɗan, ciwon ya dawo. In aka ba da yawa, tayirod ta yi sanyi har ta kasa aikinta. Likitocin farko sun yi ta lissafi da girman tayirod da yawan aidin ɗin da take zuƙa, don su dace da tsaka-tsaki. Da shekaru suka ja, aka lura cewa da yawa daga waɗanda suka warke, tayirod ɗinsu na yin sanyi daga baya.

Shi ya sa a yau likitoci da dama ke ba da abin da zai kashe ciwon gaba ɗaya, mutum ya ci gaba da shan ƙwayar da ke maye gurbin aikin tayirod kullum. Ba a ba mai ciki ko mai shayarwa.

Hertz ya rasu a 1950 yana da shekara 45, bai ga inda wannan muhawara ta kai ba. Sai mun haɗu mako mai zuwa.